Firi'amf mai kwalba a falon da ake kallon fim: ra'ayina

Masu son sauti mai kyau a nan Kaduna suna yawan tambaya ko za a iya saka firi'amf mai kwalba, wato na'urar zaɓar tushen sauti da daidaita ƙararsa wadda take aiki da kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo, a cikin kayan sautin da ake kallon fim da su, ba tare da an sayi lasifikoki kashi biyu ba. Za a iya, amma ni ban ga amfanin yin haka ba sai risibar ɗakin, wato na'urar da take rarraba sautin fim ga dukan lasifikoki, tana da mafitar da aka rubuta wa Pre Out, kana da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ta daban mai tura lasifikokin gaba na hagu da dama, kuma firi'amf ɗin yana da mashigar HT Bypass.

Ga yadda haɗin yake. Na'urorin kiɗa, irin su mai juya faifai ko ta CD, suna shiga firi'amf kai tsaye, daga nan sauti ya wuce amfilifaya, risiba ba ta da hannu a ciki. Idan lokacin fim ya yi, sai a juya zuwa mashigar HT Bypass, inda aka jona Pre Out ɗin risiba, wadda take barin sautin risiba ya ratsa ba ƙari ba ragi, maɓallin ƙarar firi'amf ya daina aiki. Muhimmancin wannan shi ne, tsare-tsaren awo da ke cikin risiba, irin su Audyssey na Denon da Marantz ko YPAO na Yamaha, suna auna ɗaki da makirufo su daidaita ƙarfin kowace lasifika, kuma da zarar an murɗa maɓallin ƙarar firi'amf sama, lasifikokin gaba za su danne ta tsakiya, wadda maganar 'yan wasa take fitowa daga gare ta. Idan firi'amf ba shi da wannan mashigar, akwai masu manna ɗan salatif a jikin maɓallin don su gane wurin da suka tsaya lokacin awo. Dabarar tana aiki, sai dai a gidan da yara suke ba ta kai mako.

Kafin ka biya kuɗi, ka tambaya ko mashigar tana aiki idan firi'amf yana kashe, domin a wasu sai an kunna shi. Ƙananan kwalabe irin 12AX7 da 12AU7 da 6922 suna yin awoyi dubbai kafin su gaji, amma ban ga hikimar ƙone su a kan labaran ƙarfe tara da wasan ƙwallo ba, ga zafin da suke ƙarawa a watan Afrilu. Haka kuma a duba takardun na'urorin, turjiyar lantarki (impedance) ta mashigar amfilifaya ta ninka ta mafitar firi'amf aƙalla sau 10, in ba haka ba ƙasan sauti, wato bes, zai iya raunana.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Tamu 230 ce a kan 50Hz, kayan da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa 120 ne, don haka duk wanda ya samo na hannu sai ya karanta bayansa ya nemi taransifoma tukuna. Kwalba tana buƙatar ɗan lokaci ta ɗumama, saboda haka ita ake fara kunnawa, amfilifaya a ƙarshe, wajen kashewa kuma a fara da amfilifaya. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita komai yana kunne, bugun da yake fita zai iya lalata lasifika, shi ya sa nake ganin sitabilaiza mai jinkirta kunnawa ta fi sabuwar kwalba daraja a garin nan. Gurnanin da ake ji bayan haɗi kuma sau da yawa daga wayar tauraron ɗan'adam yake, wadda take kawo wata hanyar ƙasa (earth) ta daban; ka zare ta daga dikoda ka saurara kafin ka ɗauki firi'amf zuwa wurin mai gyara.

Sabwufa, wato lasifikar bes, da ke jone da risiba za ta yi shiru lokacin kiɗa, tunda sautin bai bi ta can ba. Mai manyan lasifikoki ba zai damu ba, mai ƙanana kuwa sai ya nemi sabwufa mai karɓar mashiga biyu.