An ƙirga mu sau huɗu, magani kuwa shiru

Kafin rikici ya kore mu daga gida na yi shekara tara ina aiki a ƙaramin asibiti. Na iya ɗaura ƙarin ruwa a cikin duhu, na san warin ɗakin da kwalara ta shiga. Don haka kada wani ya zo yana ce min ban gane yadda aikin agaji yake tafiya ba. Na gane sarai, kuma shi ya sa raina ke ɓaci.

Tun da muka sauka a wannan sansani an yi mana rajista sau huɗu. An ɗauki hoto, an dangwala yatsa, an ba mu kati a kan kati. Inna ta tara nata a leda tana lallaɓa su kamar takardun gado. Shekara shida kenan tana shan maganin hawan jini, kuma ranar da muka gudo ko ƙwaya ɗaya ba ta ɗauko ba, don wanda ke tseren ransa ba ya tsayawa neman kwalin magani. Yau wata uku muna zarya a asibitin sansani. Za mu bi layi tun asuba, a ɗaura mata na'ura a dantse, ta nuna 180 bisa 110, a rubuta a littafi da kyakkyawan rubutu, sannan a miƙo mata farasitamol. Wani matashin ma'aikaci har da cewa, "Mama, ki rage tunani." Matar da ta kwana uku tana tafiya a ƙafa, ta baro gidanta yana ci da wuta, ita ce za ta rage tunani! Na ce masa, "Ɗan'uwa, ni ma na yi aikin nan. Ina maganin?" Ya sunkuyar da kai ya ce babu shi a jerin abin da ake kawo musu. Ban zage shi ba, don shi ma na san rabonsa da alawus ya kwana biyu.

Wato masu tsara wannan jeri sun ɗauka ɗan gudun hijira zazzaɓi da ciwon kai kaɗai yake yi. Mai ciwon suga da ke rayuwa da insulin fa? Mai tarin fuka da ya kamata ya sha magani wata shida ba fashi, aka katse masa a wata na biyu, gobe cutar ta dawo ta ƙi jin magani ta bi tanti tanti? Waɗannan ba sa fitowa da kyau a hoto, sai a bar su su mutu a hankali.

Asibitin ma ƙarfe huɗu ake garƙame shi, sai ka ce cuta ma'aikaciyar gwamnati ce da ke tashi daga aiki. Makon jiya da tsakar dare maƙwabciyarmu ta ɗaga labulen tantinmu da yaro a kafaɗa, tana cewa, "Malam, don Allah ka duba min shi." Gudawa yake kamar an buɗe famfo. Idanunsa sun faɗa, na ja fatar cikinsa ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Muka ruga ƙofar asibiti, mai gadi ya ce makulli ba ya hannunsa, mu dawo da safe. Motar ɗaukar marasa lafiya tana nan a ajiye, an liƙa mata tambari har uku, babu mai a cikinta. Na koma na tafasa ruwa lita ɗaya, na zuba suga ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, muka zauna muna ɗura masa kaɗan kaɗan da hasken waya har gari ya waye. Allah ya yi da sauran kwanansa. Fakitin ruwan gishiri da suga da ya kamata a ce kowane tanti yana da shi, yana can a kulle a bayan ƙofar da muka tsaya muna bugu.

Kuma ba wai ba a san abin da ya kamata ba. Ƙungiyoyin agaji da kansu suka rubuta ƙa'idojin Sphere: aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, banɗaki ɗaya ga mutum 20, wurin ɗibar ruwa kada ya wuce nisan mita 500. Sun rubuta su ne bayan abin da ya faru a garin Goma da ke gabashin Kongo a 1994, inda kwalara da atini suka kashe dubun dubatar 'yan gudun hijirar Ruwanda cikin 'yan makonni. A layinmu banɗaki biyu ne, ɗaya ya cika ya tumbatsa, kuma idan aka yi ruwan sama abin da ke ciki yana gangarowa ta inda yara ke wasa. Tankar ruwa in ta zo yau, sai jibi ko gata. Da me uwa za ta wanke hannu? Sannan a tara mu a rana ana koya mana tsafta da lasifika.

Idan ka yi magana sai a ce kuɗin tallafi ya ragu. Gaskiya ne, a 2025 manyan ƙasashe masu bayarwa, Amurka a kan gaba, sun datse abin da suke bayarwa, alhali a farkon shekarar waɗanda aka raba da muhallinsu a duniya sun haura miliyan 120. Na yarda. Amma kuɗin buga sababbin katuna bai ƙare ba, man motocin da ke kawo baƙi masu ɗaukar hoto bai ƙare ba. Ranar da za a zo ziyara har share harabar asibiti ake yi, a jera kwalaye a kan tebur, baƙi na juya baya a mayar da su ɗakin ajiya. Ita kuma hukuma ta naɗe hannu tana jiran ƙungiyoyi, ta manta cewa Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Tarayyar Afirka ta ƙulla, a wuyan gwamnatoci ta fara ɗora nauyin waɗanda suka yi hijira a cikin ƙasarsu. Mu ba baƙi ba ne, ba mu tsallaka iyakar kowa ba.

Jiya na ga an zagaye dantsen wata yarinya da ma'aunin tamowa, ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Aka rubuta sunanta, aka ce maganin tamowa ya ƙare, uwar ta dawo bayan mako biyu. Da yamma kuma mai shela ya zagaya yana sanar da cewa ranar Litinin kowa ya fito da katunansa, za a sake sabuwar rajista.