Wa Ke Zaɓar Na'ura, Wa Ke Biyan Kuɗin Wuta?

Na daɗe ina bibiyar gardamar nan tsakanin masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta da masu cewa dole gwamnati ta sa hannu a maganar tsimin makamashi. Yau zan faɗi inda na tsaya, ko da wasu abokaina ba za su ji daɗi ba.

Masu goyon bayan kasuwa suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce babu mai son asarar kuɗinsa, saboda haka in na'ura ba ta shan wuta, mutane za su saye ta ba sai an tilasta musu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yarda da wannan, amma fa sai in mai ɗakin ne ke kwana a ciki. Ku dubi gidan haya. Mai gida ne ya zaɓi rufi da tagogi, shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki, amma ɗan haya ne ke biyan kuɗin wuta duk wata. Me zai sa mai gida ya ƙara kashe kuɗi don sauƙin da wani zai mora? Gini kuwa yakan yi shekara hamsin yana tsaye. Kuskuren da aka yi ranar aza tubali, mutanen da ba a ma haifa ba ne za su yi ta biyansa.

Haka abin yake a wajen sayen firji. Farashin yau kowa na ganinsa, amma wutar da zai sha dare da rana har shekara goma ko fiye, babu mai iya gane ta da ido. Abin da ke ci mini rai shi ne, talaka ne ya fi faɗawa wannan ramin. Kuɗin hannunsa kaɗan ne, sai ya ɗauki mafi araha, ya dawo yana biyan kuɗin wutar da ya fi na mai hali.

A nan doka ta yi aikin da kasuwa ta kasa. Jihar Kalifoniya ta fara sa wa firji ƙa'ida a shekarun 1970, sannan a 1987 Amurka ta yi dokar ƙasa baki ɗaya a kan kayan wutar gida. Firjin da ake sayarwa a can yau yana shan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da na wancan zamani ke sha, ga shi kuma ya fi girma. Kamfanoni ba su durƙushe ba, injiniyoyinsu ne suka koma suka gyara aiki. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ƙasar da ba ta da irin wannan ƙa'ida kuwa takan zama jujin kayan da wasu suka ƙi, shi ya sa Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji a 2013.

To amma kada masu cewa gwamnati ce maganin komai su yi saurin tafa mini. A 2009 gwamnatin Ostareliya ta zuba kuɗi a shirin sa wa gidaje abin tare zafi a cikin rufi. Aka yi gaggawa, waɗanda ba su ƙware ba suka cika aikin, matasa huɗu ma'aikata suka rasa rayukansu, gidaje suka yi gobara, aka rufe shirin a 2010. Niyya mai kyau ce, amma niyya ba ta dawo da rai. A Amurka ma, bayan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa mata a 1973, an yi dokar 1975 mai tilasta wa motoci rage shan mai. Sai aka sassauta wa ƙananan motocin ɗaukar kaya, kamfanoni suka bi ta wannan kafar suna ƙera manyan motocin iyali a ƙarƙashin wannan rukuni.

Akwai kuma maganar da masu son kasuwa suka fi kowa gaskiya a kai, wato farashi. Tun 1865 masanin tattalin arzikin Ingila William Stanley Jevons ya lura cewa da injin tururi ya rage cin kwal, kwal ɗin da ƙasar ke ƙonawa ƙaruwa ya yi, domin aiki da shi ya yi araha. Wannan gargaɗi ne da ya kamata a riƙe. Gwamnatin da ke ɓoye ainihin tsadar makamashi da tallafin da mai hali ya fi kowa mora, sannan ta dawo tana wa'azin tsimi, tana rushe da hagu abin da ta gina da dama.

Tsarin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Japan, wanda ya fara aiki a 1999. Sai a duba na'urar da ta fi kowace tsimi a kasuwa, a ce nan da 'yan shekaru kowa ya kamo ta. Gwamnati ba ta ce ga yadda za ku ƙera ba, ba ta zaɓi kamfani ba. Ta ja layi ne kawai, 'yan kasuwa suka yi tseren. Wannan rabon aiki nake so a ko'ina: hukuma ta sa mafi ƙarancin ƙa'ida, ta tilasta a manna wa kowace na'ura takardar da ke faɗin gaskiyar wutar da take sha, ta gwada a ɗakin gwaji, ta hukunta mai ƙarya. Ƙirƙira da karya farashi kuwa a bar wa masu gasa.

Saura tambaya guda da ke damuna, kuma bai kamata a tsallake ta ba. In an hana na'ura mai araha, wanda ita kaɗai yake iya saye fa? Indiya ta ba da amsa mai kyau a 2015. Ƙwan fitilar LED, mai ƙarancin shan wuta, ba wata ma'aikatar gwamnati ce ta ƙirƙiro shi ba, ya samu ne daga binciken masana kimiyya Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2014. Amma ya yi wa talaka tsada. Sai wani kamfanin gwamnatin Indiya ya riƙa sayen miliyoyi a lokaci guda, masu ƙerawa suna gasar ba da farashi, iyalai kuma aka ba su damar biya kaɗan-kaɗan ta cikin kuɗin wuta. Cikin kimanin shekara biyu farashin sari ya faɗo daga rupee 310 na kuɗin Indiya zuwa 38, kuma ƙwayayen da aka raba a shirin sun haura miliyan 360.