Farin Rubutu

Ni dai har yau ban yafe wa abokin nan nawa da muke kira Farfesa ba, kuma duk wanda ya zo mini da maganar sulhu shi ma zan haɗa da shi.

Kun san zangon ƙarshe ne, kowa ya duƙufa haɗa sibi, wato takardar bayanin kai ta neman aiki. Na rubuta tawa shafi ɗaya kamar yadda aka koya mana: karatu, aikin koyon sana'a na lokacin hutu, sai abin da mutum ya iya. Farfesa ya leƙo ya ce wahalar banza nake, ai ba mutum ne ke fara karantawa ba, manhaja ce ke tace takardun, kuma kalmomin da ke cikin tallan aikin take farauta. Nan kam bai yi ƙarya ba, manyan kamfanoni na yin haka. Sai ya kawo tasa fasahar: a kwashe kalmomin tallan a zuba a ƙasan shafi, a ƙanƙanta su, a mai da su farare. Na'ura ta gani, ɗan Adam bai gani ba. Shi ya karɓi kwamfutar ya yi da hannunsa, ni ina wanka.

Aka kira ni intabiyu ta Zoom, gurbin ƙaramin akanta. Na aro kwat, kun san ta wa.

Mutum uku ne. Wata Hajiya mai gilashi ita ke jan zaman, wani matashi yana ta rubutu, sai na ukun da ya kashe kamara ya kashe makirufo, baƙin akwati kawai da haruffa biyu a tsakiya. Ku riƙe mini wannan na ukun.

Farko lafiya lau. Wane ne kai, me ya sa kake son aikin, ina kake hango kanka nan da shekara 5, duk na zuba su yadda na haddace a gaban madubi. Sai Hajiya ta ce, "Malam, ka rubuta cewa ka ƙware a Excel. Na turo maka ɗan fayil, nuna mana sikirinka ka haɗa sunayen ma'aikata da albashinsu da VLOOKUP."

Wallahi na iya VLOOKUP. Ka ba shi abin da zai nema, ka nuna masa teburin, ya duba jerin farko na hagu, ka gaya masa jeri na nawa zai ɗauko, ka rufe da FALSE don kada ya kawo maka makamancinsa. Na yi duk wannan. Zoom kuwa kan tambaye ka taga ɗaya za ka nuna ko sikirin gaba ɗaya, to wa ke da natsuwar karanta wannan alhali Hajiya na kallonsa ta saman gilashi? Na danna wanda ya fi kusa. Na rubuta lissafina, na ja shi ƙasa, sai ga #N/A, alamar bai samo komai ba, tun daga sama har ƙasa, sahu guda kamar masu jiran a kira suna.

Gumi ya fara bin wuyan kwat ɗin mutane. Na ce bari in zaɓi komai in duba, na danna Ctrl da A. Ashe tagar da ta hau sama ta Word ce, inda na buɗe sibi don in riƙa tuna abin da na ce na iya. Shafin ya yi toka, farin rubutun nan ya taso ɓaro-ɓaro.

Hajiya ta matso kusa da kamara. Ta cire gilashi, ta goge, ta mayar.

"Tsaya, Malam. Sauka ƙasa kaɗan."

"Ranki ya daɗe, ai wannan ba shi ne fayil ɗin ba."

"Na sani. Sauka."

Na sauka. Ta ce in ƙara girmansa. Da hannuna na ƙara, jama'a, da yatsana. Ta fara karantawa a bayyane, a hankali, kalma-kalma: "Excel, Excel, Excel. Haraji. Binciken kuɗi. Shugabanci, shugabanci. Gogewar shekara 10." Ta ɗago. "Malam, shekararka nawa?" Na faɗa. Matashin ya daina rubutu, ya sa hannu ya rufe baki wai yana sosa hanci. Ta ci gaba har layin ƙarshe, wanda ban taɓa sanin yana nan ba: "A ɗauke shi don Allah, yaron kirki ne."

A nan baƙin akwatin ya yi magana. Wato ba magana ba, dariya. Irin mai fitowa ta hanci ta ƙare da tari. Ya ce, "A yi haƙuri," ya koma ya kashe.

Wannan mutumin shi ke hana ni barci, ba Hajiya ba. Ku duba fa, makirufonsa a kashe yake tun farko. Da ya so, ya yi dariyarsa har ya faɗo daga kujera, ba mai ji. Kafin a ji ka a Zoom sai ka kai hannu ka kunna, ko ka danne dogon madannin nan na ƙasa. Ke nan ya ji dariyar na tahowa, ya yi shawara da zuciyarsa, ya ga bai dace in rasa rabona ba, ya kai hannu. Da na yi sallama bai amsa ba. Da na ba da amsar shekara 5, wadda ni kaina na san ta yi daɗi, bai ce uffan ba. Ban san fuskarsa ba, ban san ko babba ne a wurin ko direba ne aka ba aron waya ba, amma tarin nan ko a cikin taro na ji shi zan gane.

Hajiya dai ta yi mini adalci. Ta ce manhajar tasu rubutu zalla take kwasowa, ba ruwanta da launi, don haka tun ranar da na turo suka ga komai, har da yaron kirki. #N/A ɗin kuma ita ta ɗana shi: akwai ɓoyayyen fili a ƙarshen kowane suna, TRIM ke share shi. Na gyara a gabansu, albashi ya fito daidai. Ba wanda ya tafa.

Da na faɗa wa Farfesa, ko kunya. Mutumin da bai taɓa zama gaban masu intabiyu ba, amma a LinkedIn ya jera wa kansa muƙamai har layi biyu. Ya ce ai makirci ne, Microsoft ta sayi LinkedIn tun 2016, Word nata ne, Excel nata ne, duk bakinsu ɗaya. Na ce to "yaron kirki" fa? Ya ce ƙarya ya yi?

Sun turo imel cewa za su tuntuɓe ni. Mai kwat kuma yana ta kira, wai wuyan ya canza launi, in kai wanki.