Ga mai saurin hawaye a cikin ikilisiya

'Yan'uwana matasa, yau da ku nake, musamman ku da ake ce wa kun cika taushin zuciya. Kai da magana ɗaya ke hana ka barci, ke da ana fara waƙar yabo hawaye ke cika miki ido, kai da in aka yi wa wani tsawa a gabanka sai ka ji kamar kai aka yi wa. Na san abin da ake gaya muku, don ni ma an gaya mini: wai mai irin wannan zuciya ba ya iya riƙe jama'a, shugabanci sai mai taurin rai da babbar murya. Na daɗe ina gaskata zancen nan. Duk lokacin zaɓen shugabannin zumuntar matasa, sai in koma kujerar baya in sunkuyar da kai.

Ku buɗe littafin Nehemiya ku gani. Mutumin nan ba annabi ba ne, ba firist ba, ba kuma sarkin yaƙi ba. Mai shayar da Sarki Artashate ne a fadar Shushan, yana zaune cikin daula. Ɗan'uwansa Hanani ya zo daga Yahuza tare da waɗansu mutane, suka ba shi labari cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinta kuma an ƙone su da wuta. Nehemiya ya zauna ya yi kuka, ya yi kwanaki yana makoki da azumi. Mazauna birnin kullum suna wucewa ta gefen kangon nan, ido ya saba. Wanda abin ya soki zuciyarsa daga nesa, shi Allah ya aika, aka kuma gama garun cikin kwana 52.

Amma ku lura da abin da ya yi da hawayen. Labari ya same shi a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarki ba sai watan Nisan, wajen wata 4 ke nan yana addu'a yana tunani. Ranar da sarki ya dube shi ya tambayi dalilin ɓacin ransa alhali ba ciwo yake ba (labarin zuciya ai a tambayi fuska), Nehemiya ya tsorata ƙwarai, amma amsarsa a shirye take. Ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, ya roƙi katako daga wurin Asaf mai tsaron kurmin sarki. Da ya isa Urushalima ya kwana 3, ya fita da dare ya zagaya kangon da idonsa kafin ya gaya wa kowa abin da ke ransa. Wannan sashen ne yawancinmu muke tsallakewa. Muna jin zafin abu, mu yi kuka, mu kwana da shi, da safe mu bar shi inda yake.

A sura ta 5 talakawa suka kawo kuka cewa sun jinginar da gonakinsu, 'ya'yansu suna shiga bauta saboda bashi. Ransa ya ɓaci matuƙa, duk da haka sai da ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya tsawata wa manya. Shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da ake ba mai mulki ba, don ya ga nauyin ya yi wa jama'a yawa. Mai busasshiyar zuciya ba zai ma lura ba.

Haka Yusufu. Yana kurkuku da tasa damuwar, amma da safe ya dubi fuskar mai shayarwa da mai tuya na Fir'auna ya tambaye su me ya same su. Daga tambayar nan hanyarsa ta zuwa fada ta soma, ya tsaya gaban Fir'auna yana ɗan shekara 30.

Yanzu ga inda zan ja muku kunne, don ina ƙaunarku. Sarki Saul ma abu na saurin taɓa shi. Mata suka yi waƙa cewa ya kashe dubbai a yaƙi, Dawuda kuwa dubun dubbai, daga ranar bai ƙara duban Dawuda da idon rahama ba. Shi kansa kawai yake ji. Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan. Shugaban mawaƙa ya gyara mini murya a gaban kowa, na yi fushi na ƙaurace wa koyon waƙa mako 3. Wata dattijuwa ta tare ni bayan sujada, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kana can kana jinyar zuciyarka. Yaron da kuke zama tare, ka san babansa na kwance ba lafiya?" Ban sani ba. Ni da nake ganin na fi kowa tausayi, ƙunci na ya rufe mini ido. Da yamma na je gidansu, na tarar da shi yana wanke kayan babansa shi kaɗai. Ban iya cewa komai ba, na tsuguna muka ƙarasa wankin tare.

Saboda haka duk ranar da abu ya sosa maka rai, ka tambayi kanka: ciwon wa nake ji, nawa ko na wani? In naka ne, ka kai shi gaban Ubangiji, ka kuma gaya wa babba guda da ka amince da shi. Wani lokacin ma gajiya ce kawai. Da Iliya ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi, ya bar shi ya sake barci. In kuwa ciwon wani ne, kada ka bar shi ya tsaya a hawaye.

Bulus ya rubuta wa Timoti cewa yana tunawa da hawayensa, kuma shi wannan saurayin ya bar wa riƙon ikilisiyar Afisa, ya ce kada ya yarda kowa ya raina ƙuruciyarsa. Ubangijinmu Yesu kansa ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru, sa'an nan ya ce a kawar da dutsen.

Ƙanena, ƙanwata, ba sai an ba ku muƙami za ku fara ba. Lahadi mai zuwa ku dubi jerin kujerunku, ku ga wa ya yi mako 2 bai zo ba. Ku nemi lambarsa, ku kira shi kafin dare.