Sarauniyar kwana tara: Jane Grey ba 'yar tsana ba ce

Ranar 10 ga Yulin 1553 aka yi shelar Jane Grey a matsayin sarauniyar Ingila. Ranar 19 ga watan, majalisar da ta ɗora ta ta juya mata baya, ta yi mubaya'a ga Mary, 'yar Sarki Henry na Takwas. Ranar 12 ga Fabrairun 1554 aka sare mata kai a Hasumiyar Landan, ba ta wuce shekara 17 ba. Tun daga nan marubuta da masu shirya fim suke ta yi mata kuka, kuma kukan nasu ya rufe muryarta.

Yawancin masu tunawa da ita yau, zanen Bafaranshe Paul Delaroche na 1833 suke gani: yarinya cikin fararen kaya, idonta a ɗaure, tana lalubar gungumen da za ta ɗora wuyanta, a wani ɗaki mai duhu. Lalubar ta faru, ganau sun ruwaito ta. Amma a waje, cikin harabar hasumiyar, aka kashe ta, kuma mai zanen ya zo duniya fiye da shekara 240 bayan mutuwarta. Fim ɗin da Helena Bonham Carter ta fito a matsayin Jane a 1986 ya ƙara gishiri, ya mayar da aurenta da Guildford Dudley soyayya mai ratsa zuciya, alhali auren siyasa ne da manya suka ƙulla a watan Mayun 1553, makonni kafin Sarki Edward na Shida, ƙanin Mary wanda Jane ta gada, ya rasu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar da ta shiga littattafan da ake kira na tarihi. Shekaru da yawa ana kwafar bayanin wani ɗan kasuwa daga Genoa mai suna Spinola, wai ya gan ta ranar da aka shigar da ita hasumiya a matsayin sarauniya: gajeruwa, mai jan gashi, an sa mata takalma masu tudu don ta ƙara tsawo. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan daga na gabansa. Sai da Leanda de Lisle, wadda ta fitar da littafi kan Jane da ƙannenta a 2008, ta bi sawun maganar, ta ga ba ta wuce littafin Richard Davey na 1909 ba. Ta yanke hukuncin cewa shi ya ƙirƙiro ta. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san tambayar farko: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Kusan shekara 100 aka yi ana yawo da wannan ruwaya ba a tambayi isnadinta ba.

To wacece Jane ɗin da takardu suka nuna? Yarinyar da malami Roger Ascham ya tarar a gidansu na Bradgate tana karanta Aflatun cikin harshen Girka, sauran 'yan gida sun tafi farauta. Tana rubuta wasiƙu da Latin zuwa ga Heinrich Bullinger, babban malamin Furotesta a Zurich. Da aka nemi mijinta ya zama sarki, ta ce a'a. Tana tsare ta samu labarin tsohon limamin gidansu, Thomas Harding, ya koma Katolika, ta aika masa wasiƙar da ta wanke shi tas, cikin kalamai masu kaushin gaske. Kwanaki kaɗan kafin a kashe ta, Mary, wadda 'yar Katolika ce, ta tura mata malami John Feckenham ko za ta bar aƙidarta ta Furotesta. Ta zauna ta yi muhawara da shi, ba ta gusa ba. Mutum zai iya ƙin aƙidarta, zai ma iya cewa taurin kanta ya yi yawa. Wannan ne dai halinta, kuma marubucin da ya goge shi don mai karatu ya zubar da hawaye ya zalunce ta.

Ba ina cewa ba a ci amanarta ba. Surukinta John Dudley shi ke riƙe da ragamar mulki, kuma shigar mahaifinta cikin tawayen da Thomas Wyatt ya yi wa Mary a farkon 1554 ita ta sa Mary ta fasa yi mata afuwa. Amma labarin mugun suruki da yarinya marar wayo ya yi sauƙi da yawa. Edward da hannunsa ya rubuta wasiyyar gadon sarauta, ya tsallake yayyensa Mary da Elizabeth, ya kuma gyara rubutun don Jane kanta ta gaje shi. Takardar tana nan har yau. A kanta masanin tarihi Eric Ives ya gina littafinsa na 2009, har ya kai ga cewa a wancan Yulin Jane ce halattacciyar sarauniya, Mary ce ta yi tawaye. Ina ganin ya ɗan zarce, tunda dokar majalisar dokoki ta 1544 ta sa Mary bayan Edward, kuma ba a soke ta ba. Amma hujja ce da za a iya zama a tattauna, don kuwa ya ajiye shaidarsa a faifai.

Mai neman inda zai fara, ya nemi shirin gaskiya mai kashi uku da masaniyar tarihi Helen Castor ta gabatar a BBC a 2018. Tana bin kwanakin ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe takardun asali gaban kyamara, har da waɗanda Jane ta sa wa hannu a matsayin sarauniya. Daga nan ya wuce ga Ives da de Lisle, ya karanta su tare, domin ba a komai suka yarda da juna ba.