Wa zai ƙirga jemagun Kaduna?

A nan Ingila, mai son gyara rufin tsohon gida ko rushe rumbun gona, idan ana zaton jemagu na kwana a ciki, sai ya ɗauko mai lasisi ya duba kafin a taɓa ko kusa ɗaya. Dokar kare namun daji ta 1981 ce ta kafa tushen haka. Ƙasar nan duka jinsin jemage 18 gare ta, kowannensu ƙwari yake ci, mafi yawan wanda ake gani kuwa nauyinsa kamar giram 5 ne. Amma saboda dokar, nazarin jemage ya zama sana'a mai matakai: mutum ya fara da aikin sa kai, ya bi ƙwararre yana koyon riƙo da awo, ya sami lasisi, sannan kamfanonin gini su biya shi tsakanin Mayu da Satumba. Tun 1996 akwai shirin ƙidaya na ƙasa baki ɗaya, inda 'yan sa kai ke tsayawa bakin makwanci maraice biyu a watan Yuni, su ƙirga masu fita.

Najeriya tana da jinsi kusan 100, kuma namu har ci da mu suke yi. Tutun ɗorawa da dare yake zubo ruwan zaƙi, jemagu masu cin 'ya'yan itace su ne manyan masu ɗaukar masa ƙurar fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Haka furen kuka, haka na rimi. Wato mai kai kalwa Kasuwar Bacci da mai kaɗa miyar kuka a Tudun Wada duk suna da hannun jari a cikin jemage, ko sun sani ko ba su sani ba. Duk da haka ɗalibin da ya ce a Zariya ko Kaduna zai yi digiri a kan jemage, tambayar farko da za a yi masa ita ce wace cuta yake nema. Ba laifi ba ne, tunda a jikin babban jemagen nan mai launin kara aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a Legas a 1956, kuma kuɗin bincike can suka fi karkata. Sai dai binciken da ya tsaya a ɗibar jini da yawu yana ƙarewa ranar da tallafi ya ƙare. Abin da ke gina mai bincike, a ganina, shi ne ya riƙe wuri guda yana ƙirga shekara da shekaru.

Misalin Iroro Tanshi ya isa. Ta yi karatu a Jami'ar Benin, ta zo Leeds, ta yi digirin digirgir a Texas Tech, amma sunanta a dutsen Afi na jihar Kuros Riba ya fito, inda a 2016 ta kama Hipposideros curtus, ɗan ƙaramin jemagen da aka shekara da yawa ba a gan shi ba. Ta zauna a wurin, ta ga wutar gona ce ke cinye dajin, ita da Benneth Obitte suka kafa SMACON, ƙungiyar kare ƙananan dabbobi masu shayarwa, a 2021 ta karɓi lambar yabo ta Whitley da ake ba masu kare namun daji. Manyan takardun daga waje suke, aikin kuwa na daji ɗaya ne da ta ƙi bari.

Kuskuren da namu ke yi idan sun dawo daga Turai shi ne ɗauko kayan aikin can gaba ɗaya. A Ingila na'urar sauraro, mai ɗaukar siririn kukan da jemage ke yi don gane hanya a duhu, ita ce komai: ka saita ta a kilohaz 45 ka ji jinsi ɗaya, ka matsa zuwa 55 ka ji ɗan uwansa. Kai ta ƙarƙashin ɗorawa a Kujama cikin Maris, jemagu na shawagi a kanka, ba za ta ce uffan ba, don masu cin 'ya'yan itace da ido da hanci suke tafiya. Dangin da ake kira Rousettus ne kawai cikinsu ke ƙyasta harshe don gane hanya da amsa-kuwwa. Masu cin ƙwari na'urar na ɗaukar su, amma sai kana da kukan da aka riga aka naɗa daga jemagen da aka kama aka tabbatar da jinsinsa, in ba haka ba ka tara dubban fayil marasa suna.

Saboda haka a wajenmu hannu ne gaba. Ragar kamu tana zuwa mita 6, 9 ko 12, mai aljihu huɗu ko biyar. Ana kafa ta a bakin rafi ko hanyar da ta ratsa tsakanin bishiyoyi, a buɗe bayan magariba, don in an buɗe da wuri tsuntsaye masu komawa sheƙa ne za su cika ta. Duk minti 10 zuwa 15 a duba. Wanda ya bari ya kai rabin sa'a zai tarar an huda masa raga da haƙori, ko fiffike ya nannaɗe har sai an yanka zare. Kar a ja ragar ta yi tauri, jemage zai buga ya koma kamar ƙwallo. Daren farin wata kamu yana raguwa, haka dare na biyu a wuri ɗaya, don sun gane. A matsar da ita. Masu hanci kamar ganye, dangin wanda Tanshi ta kama, suna jin raga su kauce, sai tarkon firam mai zaren kamun kifi a jere a tsaye da jaka a ƙasa, a sa shi a ƙuntatacciyar hanya.

Kowane jemage jakarsa ta yadi daban, a rubuta lokaci da lambar raga. A auna ƙashin hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu da awon milimita har ɗigo ɗaya, shi ne mabuɗin gane jinsi. A auna nauyi da jakar, a cire nauyin jaka. A haska tocila ta bayan gaɓar yatsa: in akwai farin guringuntsi, yaro ne. Mace mai ciki ko mai shayarwa a sake ta nan take, ɗa ɗaya yawancinsu ke haifa a shekara. Mai cin 'ya'yan itace a ba shi ruwan sukari kafin saki. Safar hannu ta fata dole ce, kuma kar kowa ya taɓa jemage sai ya kammala allurar rigakafin haukan kare.

Mai kuɗin raga ke nan. Wanda ba shi da ko sisi ma yana da aiki, kuma shi na fi so a fara da shi, musamman yanzu da rashin tsaro ya sa kwana a Kamuku ko dajin Afaka ya zama kasada. Babban jemage mai launin kara cikin gari yake sauka, a manyan bishiyoyi, kuma yana ƙaura da yanayi, yana biyo damina zuwa arewa. A Akara an ɗaura masa na'urar bin sawu, aka lissafa yana iya kai iri har kilomita 75. Aikin shi ne ƙirga shi: a sa wa kowace bishiyar makwanci lamba. Sau ɗaya a wata, rana tsayayya, da tsakar rana lokacin da suka lafa, mutum biyu su ƙirga kowa da kansa: jemage nawa a dunƙule, dunƙule nawa a reshe, reshe nawa a bishiya. In lissafinsu ya yi nisa da juna su sake. Abin da ke ɓata wannan aiki shi ne canza mai ƙirga kowane zango, da tsallake watan da babu jemage, alhali sifilin nan shi ke nuna lokacin tafiya.

Zancen da ake yi cewa jemage ta baki yake kashi ma yana da amfani a nan. Tauna 'ya'yan itacen yake, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar. A shimfiɗa leda mita ɗaya a kan mita ɗaya ƙarƙashin bishiya da yamma, a kwashe da sassafe kafin kaji da tururuwa su riga ka, a wanke a rariya, a shanya a inuwa, a ware: ga ɓaure, ga darbejiya, ga gwaiba. Irin da ba a gane ba a shuka shi a ledar reno mai lamba da kwanan wata, in ya fitar da ganye a kai wa masu adana samfurin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello su faɗi sunansa.