An ba shi makulli, ba a koya masa riƙon mutane ba

Ranar da aka ce ni zan riƙa kula da masu aikin dare a wani kamfanin casar shinkafa a Kano, abin da aka miƙo min shi ne makullin sito da littafin sa hannu. Shi ke nan. Mutum 14 aka ɗora min, uku a cikinsu sun haife ni. An zaɓe ni ne don na fi kowa sanin injin, kuma ba wanda ya tambaya ko na san yadda ake sa babba aiki ba tare da an ci masa fuska ba.

Watanni ukun farko na wahala, na kuma wahalar da bayin Allah. Komai da hannuna nake yi, don ina ganin kafin in gama yi wa yaro bayani na riga na gama aikin. Wata rana aka dawo mana da buhuna saboda awo bai cika ba, na ɗaga murya a kan wani dattijo a gaban yara. Bai ce uffan ba. Bayan mun idar da sallar asuba ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ko da laifina ne, da ka kira ni ni kaɗai ka faɗa min. Yanzu yaran nan da nake tsawatarwa, da wane ido za su kalle ni?" Na ce, "Baba, ka yafe ni." Daga baya na gano sikeli ne ya lalace tun mako biyu. Kowa ya sani. Ba wanda ya gaya min, saboda duk wanda ya kawo min labari mara daɗi shi nake fara yi wa faɗa. Asarar buhunan nan tsorona ne ya jawo ta.

Abin da ke ci min rai shi ne wannan ilimi ne da ake koyarwa, kuma ba ya cin lokaci. Tsakanin 1940 da 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, masana'antun Amurka sun cika da sababbin hannu, sai gwamnati ta fito da shirin horar da masu kula da ma'aikata. Darussa uku ne manya: yadda ake koyar da aiki, yadda ake gyara hanyar yin sa, da yadda ake zama da mutane. Kowanne awa 10 ne, a zama biyar. Koyarwar ma mataki huɗu ce: ka kwantar wa mutum da hankali, ka nuna masa kana faɗin dalili, ya gwada a gabanka, sannan ka riƙa leƙa shi har hannunsa ya faɗa. Bayan yaƙi shirin ya isa Japan, kamfanin Toyota ya rungume shi. Awa 10! Ni kuwa na shekara ina lalube a duhu.

Mu ma ba wuraren horo muka rasa ba. Tun 1971 aka kafa ITF, hukumar gwamnati mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, mai hedikwata a Jos, doka ta sa kamfanoni su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi a asusun horo. Ga ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati, a Badagiri, ga cibiyar koyar da harkokin mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya. Amma a kamfanoni da yawa idan takardar kwas ta zo, manya ne ke tafiya. Shugaban leburori, babban tela, mai kula da direbobi, malamin da aka ba riƙon sashen firamare, su da ke tsaye a kan mutane tun safe har dare, ba a ko tuna su.

Kuma wallahi iyayenmu na kasuwa sun fi mu sanin wannan. Ku dubi yadda ubangida na ƙwarai ke renon yaronsa a Kantin Kwari. Da shara da aike yake farawa. Sai a bar shi ya yi ciniki ana saurare. Sai a ba shi kuɗi ya kai banki. Sai wata rana Alhaji ya yi tafiya ya bar masa shago, ya dawo su zauna su yi lissafi, ya nuna masa inda ya yi daidai da inda ya yi sake. Kafin a sallame shi da jari an gwada amanarsa da haƙurinsa sau ba adadi. Ko fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba madugu kaɗai ke ɗauke da ayari ba, akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki, kowa ya san nasa.

Roƙona ga masu kamfani da masu shago: kafin ku ɗora mutum a kan 'yan uwansa, ku ba shi ko wata guda yana bin wanda ya iya. Ku gaya masa abin da zai iya yanke wa hukunci da kansa da abin da sai ya tambaya, don ba abin da ke zubar da girman mai kula kamar ya ba da umarni da safe, mai gida ya soke shi da rana a gaban yara.

Yanzu akwai yaron da nake shiryawa. Makon jiya shi ya raba aiki ina tsaye ban sa baki ba, ko da na ga ya haɗa mutum biyu da ba sa ga maciji. Sai da aka tashi muka zauna na tambaye shi abin da ya lura. Ranar Asabar zan ba shi makullin sito in tafi gida.